Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Sanata Josh Hawley Kan Ƙuri'arsa Ta Ranar 1 Ga Yuli

Mai girma Sanata Josh Hawley,
Ɗan Majalisar Dattawan Amurka mai wakiltar jihar Missouri,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto maka ne a matsayina na mazaunin birnin St. Louis, ɗaya daga cikin mutanen da kake wakilta, kuma na fito da wasiƙar fili domin 'yan'uwana mazauna wannan ƙasa, waɗanda da yawansu ke aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya ko tuƙi ko ɗaukar kaya a manyan rumbuna, su san abin da aka yi da sunansu a Washington. Maganar da ke tafe da ni ita ce ta Medicaid, inshorar lafiyar da gwamnatin tarayya da gwamnatocin jihohi ke haɗa kuɗi su biya wa masu ƙaramin ƙarfi, wadda a jiharmu ake kira MO HealthNet, kuma mutum fiye da miliyan 1 suka dogara da ita. Da wuya a sami ɗan jam'iyyar Republican a Majalisar Dattawa da ya ɗaga murya wajen kare wannan shiri a 2025 kamar yadda ka ɗaga. Duk da haka, ranar 1 ga Yulin 2025, a kan dokar haraji ta Shugaba Trump, ƙuri'arka tana cikin ƙuri'u 50 da suka ba da damar yi masa zaftarewa mafi girma tun da aka kafa shi a 1965.

Akwai dalilin da ya sa mutane suka kasa kunne da ka fara magana, har da waɗanda ba su taɓa zaɓen jam'iyyarka ba. A watan Disamban 2020 ka haɗa kai da Sanata Bernie Sanders, mutumin da kusan babu abin da ya haɗa ku a siyasa, kuka matsa lamba a aika wa jama'a kuɗin tallafi kai tsaye a lokacin annobar korona. A Disamban 2022 ka goyi bayan a ba ma'aikatan jirgin ƙasa hutun jinya na kwana 7 da albashinsu, alhali mafi yawan 'yan jam'iyyarka sun ƙi. A 2023 ka je ka tsaya tare da ma'aikatan kamfanin motoci da ke yajin aiki a Wentzville. Wanda ya ga waɗannan yana da hujjar zaton cewa idan ka ce ba za a taɓa maganin talaka ba, to za ka tsaya a kan bakanka har ranar da za a ƙidaya hannuwa.

A farkon watan Afrilun 2025, daren da Majalisar Dattawa ta kwana tana ƙuri'a kan tsarin kasafin da zai share wa dokar haraji ta Shugaba Trump hanya, ka haɗa hannu da Sanata Ron Wyden na jihar Oregon, ɗan Democrat, kuka gabatar da gyaran da zai cire umarnin da aka ba wani kwamitin Majalisar Wakilai na ya nemo ragin dala biliyan 880, ragin da kowa ya san ba zai samu ba sai an taɓa Medicaid. Gyaran ya faɗi, 49 sun amince, 50 sun ƙi, kuma kai da Susan Collins da Lisa Murkowski ne kaɗai 'yan Republican da suka mara masa baya. Kafin gari ya waye aka kawo tsarin kasafin gaba ɗayansa, da wancan umarni a ciki ba a goge ko harafi ba, ka kaɗa masa ƙuri'ar amincewa. Masu kare ka sun ce ai tsari ne kawai, dokar tana gaba, kuma gaskiya suka faɗa. Sai dai a ganina a wannan dare ne shugabannin jam'iyyarka suka auna ka suka gane iyakar ƙorafinka, wato za ka yi magana, za ka kawo gyara, amma idan gyaran ya faɗi za ka biyo sahu.

Ranar 12 ga watan Mayu ka rubuta maƙala a jaridar New York Times, ka ce yanke wa talakawa masu aiki inshorar lafiya kuskure ne ta fuskar ɗabi'a, kuma kisan kai ne ta fuskar siyasa. Ka ɗora laifin a kan ɓangaren jam'iyyarka mai biyan buƙatun manyan masu kuɗi, ka kuma tunatar da su cewa talakawan da suka zaɓi Trump su ne za su ji a jikinsu. An yi ta yaɗa maƙalar a cikin ma'aikatan jinya a nan St. Louis. Bayan kwana 10 Majalisar Wakilai ta zartar da ƙudirinta da ƙyar, 215 da 214, ya zo hannunku, kuma maimakon ku sassauta shi sai kwamitin kuɗi na Majalisar Dattawa ya ƙara masa kaifi a daidai wurin da ka fi kuka a kansa.

Ya kamata in yi wa masu karatu bayanin wannan wuri, domin a nan ne kuɗin suke. Jihohi kan ɗora wa asibitoci da gidajen jinya wani haraji, su haɗa abin da suka tara a matsayin nasu kason na Medicaid, gwamnatin tarayya ta ɗora nata kason a kai, sannan kuɗin su koma wa asibitocin ta hanyar biyan aikin da suka yi wa marasa lafiya. Missouri ta daɗe tana dogaro da wannan hanya, tun farkon shekarun 1990. Wasu masana suna kiran tsarin dabarar tatsar baitulmali, kuma ba za a ce ba su da abin faɗi ba, amma shi ne ke riƙe da ƙananan asibitocin karkara waɗanda mafi yawan marasa lafiyarsu talakawa ne da tsofaffi. Ƙudirin Majalisar Wakilai ya daskarar da harajin a inda yake. Naku kuwa ya ce a jihohin da suka faɗaɗa Medicaid ta ƙunshi ƙarin baligai masu ƙaramin ƙarfi, irin tamu, za a riƙa sauko da iyakarsa daga kashi 6 cikin 100, rabin maki kowace shekara daga 2028, har ya tsaya a kashi 3.5. Ya kuma taƙaita ƙarin kuɗin da jihohi ke umartar kamfanonin inshora su biya asibitoci, ya ce a mayar da shi daidai da farashin Medicare, wato inshorar lafiyar tsofaffi ta gwamnatin tarayya. Kai da bakinka ka shaida wa 'yan jarida a watan Yuni cewa wannan zai durƙusar da asibitocin karkara.

Ranar 1 ga Yuli, bayan an shafe fiye da kwana guda ana ƙuri'a babu tsayawa, lissafin ya fito a sarari yadda ko yaro zai gane. Jam'iyyarka na da kujeru 53, 'yan Democrat da masu zama tare da su 47 kuma duk sun ƙi. Rand Paul ya ƙi saboda bashin da dokar za ta ƙara wa ƙasa, Susan Collins da Thom Tillis suka ƙi saboda Medicaid. Aka tsaya 50 da 50, sai da Mataimakin Shugaban Ƙasa JD Vance ya zo ya raba gardama. Da mutum ɗaya ya ƙara cewa a'a, da ƙudirin ya faɗi 49 da 51, da Vance bai sami abin rabawa ba, da dole shugabannin majalisa sun koma teburi sun saurari abin da kake buƙata. Ranka ya daɗe, sanata kan yi shekara 6, wani ma 12, bai ga ranar da ƙuri'arsa ita kaɗai za ta yanke makomar dokar da ya kira kuskure ba. Kai ka ga ranar, kuma tun ranar 28 ga Yuni ka riga ka sanar cewa za ka amince, wato ka ajiye makaminka kwana 3 kafin a gama ciniki.

Ba wai babu wanda ya nuna yadda ake yi ba. Thom Tillis ya tsaya a zauren majalisa ya ce mutum 663,000 a jiharsa ta North Carolina na cikin haɗarin rasa inshora, ya tambaya me zai ce musu idan aka karya alkawarin da Shugaban Ƙasa ya yi na ƙin taɓa Medicaid. Trump ya yi masa barazanar tsayar masa da abokin hamayya a zaɓen fitar da gwani, washegari Tillis ya sanar cewa ba zai sake neman kujerarsa ba, ya kuma kaɗa ƙuri'ar ƙi. Shi zaɓensa na 2026 ne ke gabansa. Kai kuwa an sake zaɓenka a Nuwamban 2024, ba za ka koma gaban masu zaɓe ba sai 2030, don haka a cikin duk masu ƙorafin kai ne mai ƙarancin abin tsoro. Mutanen ƙasar nan ba su manta da Sanata John McCain, ɗan Republican, ba, wanda a daren 28 ga Yulin 2017, yana fama da cutar dajin ƙwaƙwalwa, ya ƙi bin jam'iyyarsa, ƙudirin rushe dokar lafiya ta Obama ya faɗi 49 da 51, lissafin da ya kamata mu sake gani a 2025.

Hujjarka ta farko ita ce diyyar waɗanda gubar nukiliya ta cutar, kuma ba zan raina ta ba, domin ina zaune a garin da abin ya shafa. Tun 1942 kamfanin Mallinckrodt ya riƙa tace yuraniyom a tsakiyar St. Louis domin aikin ƙera bam ɗin farko, aka jibge sharar kusa da filin jirgin sama, ruwa ya wanke ta zuwa rafin Coldwater inda yaran unguwannin arewacin gundumar suka yi ta wasa shekara da shekaru, wata kuma aka kai ta juji na West Lake a Bridgeton. Iyalai sun binne 'ya'yansu da cututtukan daji da ba a saba gani ba, gwamnati kuma ta daɗe tana yi musu kunnen uwar shegu. Dokar diyya ta 1990 ba ta haɗa da su ba, wa'adinta ma ya ƙare a Yunin 2024 bayan Majalisar Wakilai ta ƙi ɗaukar ƙudirinka da Majalisar Dattawa ta riga ta zartar. Ka yi tsayin daka har aka sa su a cikin dokar Yuli, inda wanda ya cancanta zai iya karɓar dala 50,000. Wannan aiki ne na ƙwarai, kuma mutanen nan sun cancanci fiye da haka.

Amma ka duba abin da wannan nasara ke nunawa. Shugabannin jam'iyyarka sun san ƙuri'arka na da tsada, shi ya sa suka biya. Ƙudirin diyyar ya taɓa samun ƙuri'u 69 a Majalisar Dattawa shi kaɗai a Maris na 2024, wato abu ne da ɓangarorin biyu suka yarda haƙƙi ne, aka riƙe shi har ranar da ake buƙatar ka, sannan aka miƙo maka shi a matsayin lada. Mutumin da ya taso a bakin rafin Coldwater, yake fama da cutar daji, ba ya iya aiki sosai, a yau Medicaid ce ke biya masa allurar da ake yi masa duk wata. Duk wanda ya taɓa ganin takardar kuɗin jinyar daji a ƙasar nan ya san dala 50,000 ba ta kai ko'ina. Ban ga yadda za a ce an yi masa adalci ba idan dokar da ta ba shi diyya ita ce ta raunana asibitin da yake zuwa.

Hujjarka ta biyu ita ce asusun asibitocin karkara na dala biliyan 50, da jinkirin da aka yi wa ragin harajin asibitoci zuwa 2028. Asusun na shekara 5 ne kacal, daga 2026 zuwa 2030, rabinsa kuma za a raba shi daidai tsakanin jihohi ba tare da duba wadda ta fi asara ba, ragin kuwa ba shi da ranar ƙarewa. Cibiyar binciken lafiya ta KFF ta ƙiyasta cewa yankunan karkara kaɗai za su rasa kimanin dala biliyan 137 na Medicaid a cikin shekara 10, a cikin ragin da gaba ɗayansa ya haura dala biliyan 900. Ofishin kasafi na majalisa, wanda ba na kowace jam'iyya ba ne, ya ce zuwa 2034 dokar za ta ƙara mutum miliyan 10 a kan waɗanda ba su da inshorar lafiya. Shi kuma jinkirin, duk mai bin siyasar ƙasar nan ya lura cewa an tsara shi ne yadda zafin ba zai fara ba sai an wuce zaɓen tsakiyar wa'adi na Nuwamban 2026.

Ranar 15 ga Yuli, kwana 11 bayan Shugaban Ƙasa ya sa hannu, ka gabatar da ƙudirin soke ragin harajin asibitoci da na ƙarin kuɗin da ake biyansu, tare da ninka asusun karkara zuwa dala biliyan 100. Mu a wajenmu wannan shi ne ihu bayan hari, kuma ka fi ni sanin dalili. Dokar Yuli ta bi ta hanyar musamman ta kasafi wadda rinjaye mai sauƙi ke isa a zartar da ita, shi ya sa kowace ƙuri'a ta zama zinariya. Ƙudirinka na sokewa kuwa na bin hanyar yau da kullum ne, inda sai an sami ƙuri'u 60 kafin a rufe muhawara, kuma kafin nan ma sai shugaban masu rinjaye, wanda ya sha wahalar haɗa ƙuri'un dokar, ya yarda ya kawo shi zaure domin a warware aikinsa. An miƙa shi kwamiti, shekarar 2025 ta ƙare ba a kawo shi ƙuri'a ba. Amfanin da na ga ya yi shi ne ya ba ka abin nunawa idan aka tambaye ka.

Da sau ɗaya abin ya faru, da na ce tsautsayi ne. A watan Oktoba, lokacin da aka rufe ayyukan gwamnati na kwana 43, ka sake rubutu a New York Times kana cewa bai kamata a bar kowa ya kwana da yunwa a Amurka ba, ka kawo ƙudirin ci gaba da biyan tallafin abinci na SNAP ga mutum kusan miliyan 42. Kalamai ne masu kyau, amma dokar da ka amince da ita a Yuli ta yanke kimanin dala biliyan 186 daga wannan tallafin a cikin shekara 10, ta faɗaɗa sharaɗin aiki har zuwa masu shekara 64, ta kuma juye wa jihohi wani ɓangare na nauyin. Ranar 11 ga Disamba ka bi 'yan Democrat wajen neman a tsawaita tallafin sayen inshora na shekara 3, kai da Collins da Murkowski da Dan Sullivan, aka tashi 51 da 48, ƙudirin ya faɗi domin 60 ake buƙata, kuma tun kafin a shiga zaure kowa ya san ba za a kai ba. Idan aka jera waɗannan ranaku, abin da ke fitowa shi ne kana tare da talaka a ƙuri'ar da ba za ta sauya komai ba, kana tare da shugabannin jam'iyya a ƙuri'ar da za ta zama doka. Ban shiga zuciyarka ba, kuma ba na cewa da gangan kake yi, amma rajistar majalisa ba ta rubuta niyya.

Akwai ɓangaren dokar da ba ka taɓa adawa da shi ba, kuma shi ne ofishin kasafi ya ce zai fi raba mutane da inshorarsu, wato sharaɗin aiki. Daga farkon 2027, baligin da ya shiga Medicaid ta ƙofar faɗaɗawa sai ya tabbatar yana aiki ko karatu ko hidimar al'umma na awa 80 a wata, kuma za a riƙa sake tantance shi duk wata 6 maimakon sau ɗaya a shekara. A baki abin yana da daɗin ji, domin babu wanda ke son a ciyar da malalaci. An gwada shi a maƙwabciyarmu Arkansas a 2018, mutum kusan 18,000 suka rasa inshora cikin 'yan watanni kafin alƙalin tarayya ya dakatar da shi a Maris na 2019, kuma masu bincike na jami'ar Harvard sun gano cewa bai ƙara yawan masu aiki ba, sannan mafi yawan waɗanda sharaɗin ya shafa da ma suna aiki ko suna da uzurin da doka ta amince da shi. Takarda ce ta kayar da su.

Na san wata baiwar Allah da ke kula da tsofaffi a gidajensu, tana tashi tun asuba ta yi wa wata tsohuwa wanka ta ba ta magani, da rana ta hau bas zuwa gida na biyu, da daddare kuma tana yi wa mata kitso a ɗakinta ana biyanta a hannu. Aikinta ya fi awa 80 nesa ba kusa ba, amma rabinsa babu takardar albashin da za ta nuna shi, don haka ko jiha ta duba bayanan da ke cikin kwamfutarta ba za ta gan shi ba. Ta sauya gida a bara saboda kuɗin haya, wasiƙun hukuma suna zuwa tsohon adireshi, kuma ba ta da damar riƙe waya a kunne awa guda tana jiran a ɗauka alhali tana ɗaga mara lafiya daga gado. Ka san halin da ofisoshin jiharmu ke ciki. A 2022 masu neman Medicaid sun riƙa jira fiye da kwana 45 da doka ta ƙayyade har sai da gwamnatin tarayya ta sa baki, a Mayun 2024 kuma alƙalin tarayya ya yanke hukunci cewa jihar ta saɓa doka wajen tafiyar da tallafin abinci, saboda mutane na kira ba a ɗauka, sannan a hana su don ba su yi ganawar da ake buƙata ba. Waɗannan ma'aikata ne za a ninka wa aiki.

Abin da ya fi damuna shi ne mutanen Missouri sun riga sun faɗi ra'ayinsu, kuma ba ta hanyar zanga-zanga kawai ba. A watan Agustan 2020 sun kaɗa ƙuri'ar raba gardama, kimanin kashi 53 cikin 100 suka amince a faɗaɗa Medicaid, suka kuma rubuta shi a cikin kundin tsarin mulkin jiha domin kada 'yan siyasa su taɓa shi. Majalisar jiha ta ƙi ware kuɗi a 2021, sai da Kotun Ƙolin Missouri ta yanke hukunci baki ɗaya a Yulin 2021 kafin aka fara rajista. Wannan na nufin idan kuɗin tarayya suka ragu, Missouri ba ta da ikon rufe ƙofar faɗaɗawa kamar yadda wasu jihohi za su iya, ba ta da ikon cin bashi don cike giɓin kasafi, kuma gyaran Hancock da aka yi wa kundin jihar a 1980 ya hana ta ƙara haraji mai yawa ba tare da amincewar masu zaɓe ba. Abin da ya rage mata shi ne ta rage abin da take biyan asibitoci da likitoci, ko ta yanke hidimomin da ba dole ba kamar kula da naƙasassu a gidajensu, ko ta taɓa kuɗin makarantu. Ka yi antoni-janar na wannan jiha, ba sai an karanta maka kundinta ba. A ƙasa baki ɗaya ma, binciken ra'ayin da KFF ta fitar a watan Yuni ya nuna kashi 64 cikin 100 ba su son ƙudirin, kuma kowa ya ga yadda jama'a suka yi wa Sanata Joni Ernst ca a Iowa da ta amsa kukan masu cewa mutane za su mutu da cewa ai dukanmu za mu mutu.

Da a ce an yi ragin ne domin ceto ƙasa daga bashi, da sai a ce magani ne mai ɗaci. Ofishin kasafi ya ce dokar za ta ƙara dala tiriliyan 3.4 a kan giɓin kasafi cikin shekara 10, ya kuma ƙiyasta cewa gidajen da ke kashi 10 na ƙasa za su yi asarar kimanin dala 1,200 a shekara, na kashi 10 na sama kuma su sami ƙarin kimanin dala 13,600. Wannan shi ne ainihin cinikin da ka yi gargaɗi a kansa a watan Mayu. Mu baƙi kuma muna da namu kason a ciki, domin daga Oktoban 2026 'yan gudun hijira da waɗanda aka ba mafaka, mutanen da suka shigo bisa doka, za su fita daga Medicaid, sannan an sa harajin kashi 1 cikin 100 a kan tsabar kuɗin da muke aika wa iyayenmu a gida. Ban sa ran ka yi mana yaƙi a kan waɗannan ba, tunda ba ka taɓa yi mana alkawari ba. Alkawarin da ka yi na Medicaid ne, kuma a kansa kaɗai nake tuhumarka.

Ka ce za ka yi duk abin da za ka iya domin kada ragin ya fara aiki, kuma akwai sauran lokaci kafin 2028, don haka ga abin da nake roƙo. Ka fito ka faɗa mana, da suna da lokaci, wane ƙudiri ne da shugabannin jam'iyyarka ba za su iya yi ba tare da kai ba za ka riƙe wa ƙuri'arka har sai an haɗa shi da soke ragin harajin asibitoci. Idan suka sake kawo wata dokar kasafi ta hanyar rinjaye mai sauƙi, a nan ne damarka take, kuma muna son jin sharaɗinka tun kafin a fara ciniki, tare da tabbacin cewa ba za ka janye shi don an ba ka wani abu daban ba, komai kyawunsa. Idan kuwa babu irin wannan ƙudiri a ranka, to ka daina nuna mana takardar 15 ga Yuli a matsayin shaida.

Ina kuma roƙon ka zo ka zauna da mu a taron da ƙofarsa ke buɗe ga kowa, ɗaya a arewacin gundumar St. Louis, ɗaya a wata gundumar karkara da asibitinta ke tangal-tangal, ka amsa tambayoyin da ba a tace ba. A ƙarshe, dokar da kanta ta ba sakataren lafiya na tarayya ikon ɗaga wa jihar da ke ƙoƙari amma ba ta shirya ba ƙafa kan sharaɗin aiki har zuwa ƙarshen 2028. Ka yi amfani da matsayinka ka matsa wa gwamnan Missouri ya nemi wannan ɗagin, ka matsa wa sakataren ya bayar, kuma ka buƙaci jihar ta riƙa wallafa adadin waɗanda aka cire daga MO HealthNet duk wata, tare da bayanin nawa ne aka cire don ba su cancanta ba, nawa ne kuma aka cire don takarda ba ta iso ba.

Ka huta lafiya.

Naka,
Wani mazaunin St. Louis, Missouri